Ɗan Aiken da Aka Koya wa Kawaici

A aji huɗu na firamare muka yi hannun riga da boko, ba don mun yi faɗa ba, sai don kowa ya ga ba zai iya da ɗan'uwansa ba. Amma kada wannan ya sa a raina abin da zan faɗa game da kwamfuta. Na yi aikin masinja a wata ma'aikata har kaina ya yi furfura, kuma da tsufa ya zo na gano cewa kwamfuta ba komai ba ce illa masinja wanda ba ya tsayawa shan shayi a hanya. Saboda haka a wannan fanni ni shehi ne, in ji ni.

Muna da majalisa a Gyadi-Gyadi, gindin wata darbejiya da ta girme wasu daga cikinmu. Duk tsofaffin ma'aikata ne da 'yan sana'a waɗanda gwiwa ta sallama. Shugabanmu wani Alhaji ne, tsohon akawu, mutumin kirki amma ba ya son a yi dariya sai in shi ya fara. A cikin majalisar kuma akwai mu uku da ake kira duwatsun murhu: ni, da wani tela, da Ticha. Ticha mutumin Filato ne, Kirista, ya zo Kano koyarwa tun yana saurayi, ya zane 'ya'yanmu kaf da bulala har suka zama mutane. Ba a suna ko ɗaurin aure ko rasuwa a unguwar ba tare da an gan shi ba. In ana sallar gawa yakan tsaya gefe ya cire hula, in an dawo daga maƙabarta shi ne farkon zama a tabarma. Da matarsa ta rasu mu ma muka tare a ƙofar gidansa, tela ne ma ya ɗinka wa matan cocinsu kayan da suka sa. Bayan nan ɗansa ya ɗauke shi ya koma da shi Hotoro, amma ko daga can in an aika masa zai zo.

To aikawar ce matsalar. A da ni nake yi a kan keke, gida-gida. Yanzu mutane sun watse, wani Unguwar Gano, wani Babban Giji, wani Hotoro, keken ya tsufa, mai keken ya fi shi. Yawancinmu kuma ƙananan wayoyi muke riƙewa, masu tocila, waɗanda ba su san komai ba sai kira da ɗan gajeren saƙo.

Ina da jika mace, wadda nake kira amarya, ita kuma tana ce mini tsohon ango mai ƙarar gwiwa. Ma'aikaciya ce a wani ƙaramin asibiti kusa da asibitin koyarwa, inda take rubuta wa kwamfuta umarni ta riƙa tuna wa masu ciwon suga da hawan jini ranar ganin likita. Ita ta ce za ta yi mana irinsa. In abu ya faru a gaya mata, ta rubuta sau ɗaya, na'ura ta bi kowa da kowa ta kai masa. Na tambaye ta da wane yare take magana da na'urar, ta ce wani yare ne da aka sa wa sunan mesa da Turanci. Na ce to Allah Ya sa ba mai haɗiye mutane ba ce. Ta yi dariya. Daga baya na tuna mata wannan addu'a tawa.

Karon farko ɗaurin auren ɗan wani daga cikinmu ne, rabin majalisa suka ji, rabi ba su ji ba. Amarya ta zo da kwamfutarta ta buɗe a kan tabarmata, sai ga wani jan rubutu ya cika fuskar abin kamar an yanka kaza. Ta yi mini bayani, ni kuma na fassara wa kaina da yaren masinjoji. Wato ɗan aiken nan yana tafe yana raba saƙo, sai ya iske wani gida a kulle. Maimakon ya wuce na gaba, sai ya kurma ihu ya zube a ƙofar gidan, sauran saƙon na cikin jakarsa. Na ce mata a zamaninmu irin wannan ko mako ba ya yi ake sallamarsa.

Ta ce a'a, ihun nan shi ne abu mafi kyau a jikinsa. Haka aka gina yaren: duk inda na'ura ta ci karo da abin da ba za ta iya ba, ba ta yin kamar ta iya, sai ta jefo kuka sama da bayanin abin da ya faru da inda ya faru. In babu wanda aka tanada ya cafe kukan, aiki duka ya rushe a nan. In kuwa an tanada, sai mai cafewar ya yi abin da aka ce masa, aiki ya ci gaba. Laifinta ne, in ji ta, da ba ta tanada ba. Ta nuna mini kalmomi biyu na Turanci da ta ƙara, ɗaya na nufin gwada, ɗaya na nufin in ya ƙi. Gwada kai wa wane, in ya ƙi ga abin da za ka yi, sannan ka wuce gida na gaba. Na ce ai wannan karatun tun ina da haƙora na sauke shi.

Abin da ta sa mai cafewar ya yi shi ne, in an gama rabo, ya sanar da kowa cewa saƙo bai isa wurin wane ba, domin wanda yake kusa ya leƙa shi. Dabara mai kyau. Sai dai mutum na farko da abin ya kama Alhaji ne, shugabanmu, wanda aka rufe wa layi saboda wata tangarɗar rajista. Duk majalisa ta karanta a wayarta cewa ba a samu Alhaji ba, shi kaɗai ne bai karanta ba. Da ya iso da yamma tela ya tare shi da cewa yau har na'ura ta shaida ba a samun Alhaji, ballantana masu zuwa neman aron tabarma. Aka yi dariya, kuma ba shi ya fara ba.

Washegari aka kira amarya. Ta durƙusa gefen tabarma, Alhaji ya yi mata nasiha mai tsawo a kan rufin asiri. Ya ce yau layi ne aka rufe, gobe wa ya san abin da na'urar za ta tona, kuma ɗan aike mai tarbiyya in ya ga abin kunya a gidan mutum yakan kau da kai ne, ba ya shela a kasuwa. Mutane suka gyaɗa kai, domin maganar ba ƙarya ba ce. Amarya ta ce, murya ƙasa-ƙasa, a wurin aikinsu ana hana su yin haka, domin kuskuren da aka rufe wa baki ba mutuwa yake yi ba, ɓuya yake. Wani ya ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba. Ta dube ni. Ni a lokacin ina fama da wata gyaɗa da ta maƙale mini a dasashi. Yarinya mai kunya ba ta ja da dattawa sau biyu, sai ta ce to.

A gida ta nuna mini gyaran. Duk bayanin nan na sanarwa ta goge, ta sa kalma ɗaya tak a gurbinsa, mai nufin wuce. Gwada, in ya ƙi, wuce. Kada ka faɗa wa kowa, kada ka rubuta a ko'ina. Ta ce, “Ga shi nan, tsohon ango. Na koya masa kawaici irin naku.”

Daga nan abu ya tafi sumul. Babu jan rubutu, babu sunan kowa. Duk lokacin da aka aika, na'ura ta ce an gama. Alhaji har yabon amarya yake a bainar jama'a, yana cewa ga amfanin yaro mai jin magana.

Aka yi wani suna a Tarauni, Ticha bai zo ba. Muka ce ko gwiwa ce. Aka yi wani ɗaurin aure, bai zo ba. Muka ce damina ce, hanyar Hotoro in an yi ruwa sai a hankali.

Sai tela ya rasu. Bai yi wata doguwar jinya ba, ya kwanta bayan azahar da ciwon ƙirji, kafin la'asar an gama. Amarya ta aika, na'ura ta ce an gama, mutane suka cika layin. Ina tsaye a sahu ina waiwayen gefen da Ticha yakan tsaya da hularsa a hannu. Babu kowa sai wani babur da aka jingine. Muka dawo daga maƙabarta, muka yi zaman makoki har aka tashi, bai zo ba. Matar tela ta aiko daga cikin gida tana tambaya ko Ticha lafiya. Na ce lafiya, domin ban san abin da zan ce ba.

Abin ya yi mini ciwo fiye da yadda nake so a sani. Lambarsa na cikin wayata. Na sha ɗaukar wayar in ajiye. Ina cewa a raina, mutumin da aka gaya wa rasuwar tela ya ƙi zuwa, me zan ce masa, in tambaye shi dalili? Ai wannan tonon asiri ne, kuma ba a san ni da shi ba. A majalisa aka fara ƙananan maganganu, wani ya ce ɗansa ne ya hana shi hulɗa da mu, wani ya fara cewa ai dama ka san mutanen nan. Alhaji ya katse shi tun bai kai aya ba, ya ce mutumin da ya yi shekaru yana zama a tabarmarmu ba za a ci namansa a kanta ba. Na gode masa a zuciya. Amma shi ma bai ce a je a duba ba. Kawaici ya hana.

Ana nan wata ranar Asabar da hantsi amarya ta shigo ko zolayata ba ta yi ba. Ashe surukar Ticha nas ce a asibitin koyarwa, sukan haɗu a adaidaita sahu. Ita ta gaya mata cewa Baba na ɗaure kaya zai koma Filato gaba ɗaya, ƙarshen wata. Sun yi lallashi ya ƙi. Ya ce ba shi da sauran kowa a Kano. Wai labarin rasuwar tela a bakin wani mai adaidaita ya ji, bayan an daɗe da share makoki, ya dawo gida ya shiga ɗaki, ranar ko abinci bai ci ba. Da ɗansa ya ce bari ya kira mu ya ji dalili, sai ya hana. Ya ce in mutane sun cire ka daga cikinsu, ba ka bin su kana tambaya, ka bar su da mutuncinsu.

Na ce ai an aika masa. Amarya ta ce ita ma haka ta ce wa nas ɗin, amma tun a hanya take zargin na'urar. Ta buɗe kwamfuta. Na ce ta duba inda aka rubuta. Ta ce babu inda aka rubuta, ai abin da aka ce ta yi ke nan. Sai ta cire kalmar nan guda ɗaya, ta tura gaisuwa zuwa layin Ticha shi kaɗai. Nan take jan rubutun nan ya dawo, wanda rabona da shi tun ɗaurin auren farko. Ta karanta ta fassara mini: an ƙi karɓa, wannan layi ya toshe saƙonnin da na'ura ke aikowa.

Ta kira nas ɗin. Ashe tun kafin damina mijinta ya sa aka toshe wa tsohon saƙonnin talla, saboda Ticha duk tallar da ta shigo sai ya sa tabarau ya karanta, ya gyara musu Turanci, wani lokaci har ya yarda cewa ya ci kyautar mota. Kamfanin waya kuwa bai san bambancin tallar sabulu da sanarwar rasuwa ba, duk abin da ya fito daga na'ura talla ne a wurinsa. Tun daga lokacin ɗan aikenmu yake zuwa ƙofar Ticha, a kore shi, ya kau da kai cikin ladabi, ya dawo ya ce an gama.

Amarya ta haɗa kai da gwiwa. Ta ce ita ta san haka za ta iya faruwa, ta sani sarai, ta bari kunya ta rufe mata baki. Na ce mata ta daina, in ana rabon laifin nan ita ko ƙanzo ba za ta samu ba, dattawa sun riga sun cinye tukunyar. Na ƙara da cewa dama na faɗa mesa ce. Ta yi dariyar da ba ta shirya ba, ta share ido, ta miƙo mini wayata ta ce in kira shi yanzu. Na ce a'a. Akwai saƙon da ba a ba waya.

Da safe na hau adaidaita ta gadar Dangi muka miƙe titin Maiduguri. Na iske Ticha a baranda, kwalaye ɗaure da igiya a bayansa, littattafansa na koyarwa da ya ƙi rabuwa da su tun zamanin alli. Ya rame. Ya miƙe ya ba ni kujera, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, ya sa aka kawo ruwa. Wai yau ni yake kira Alhaji. Mutumin da tun muna da ƙarfi bai taɓa kirana da komai ba sai Masinja.

Na gyara zama na fara darasi. Na yi masa bayanin gwada da in ya ƙi, da ɗan aiken da ke zubewa a ƙofa, da hukuncin majalisa, da kalmar nan guda ɗaya, da tallar motar da yake ci. Ban taɓa koyar da malamin makaranta ba sai ranar, saboda haka na ja abin yadda ya kamata. Yana saurare da kai a sunkuye kamar mai duba jarrabawa. Ya tambaya ko an aiko masa sunan Tarauni, na ce an aiko. Ɗaurin auren fa, na ce an aiko. Sannan ya tambayi na tela. Na ce kafin a yi masa wanka aka aiko, kuma ni da kaina na yi ta waiwaye a sahu.

Ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi da bakin riga.

“To na ji,” in ji shi. “Ita na'ura an ce ta yi shiru. Kai wa ya ce ka yi shiru?”

Na ce, “Wanda ya ce maka kai ma ka yi.”

Ya dube ni, na dube shi. Ya ce, “Masinja, wallahi ka tsufa da rashin kunya.”

Da na ji sunan nan na san ya sauko. Ya shiga ciki ya fito da wani kaftani ruwan toka wanda tela ya ɗinka masa tun wani Kirsimeti, wuyan ya yi masa yawa yanzu. Muka hau adaidaita ɗaya zuwa Gyadi-Gyadi. A gidan tela aka yi mana iso, ya durƙusa daga bakin ƙofa ya yi wa matar ta'aziyya kamar jiya aka yi rasuwar, ya ba ta haƙurin rashin zuwansa bai ɗora wa kowa ba. Ta ce ita dama ta san ba lafiya ba, ta kuma gane ɗinkin da ke jikinsa. Nan na fita waje, domin wani abu ya faɗa mini a ido.

Da yamma aka sake kiran amarya majalisa, ga Ticha zaune a gurbinsa. Wannan karon ta durƙusa amma ba ta yi ƙasa da murya ba. Ta ce Alhaji ya yi gaskiya, bai kamata a yi shelar mutum ba, amma tsakanin shela da shiru akwai wuri. Za ta sa mai cafe kuskuren ya riƙa gaya wa mutum ɗaya tak, a asirce, sunan wanda ba a samu ba da dalili, shi kuma ya taka ya je. In kuma abin da ya faru wani baƙon abu ne da ba ta tanadar masa ba, to a bar na'urar ta yi ihunta ta ji, kada a rufe mata baki. Alhaji ya yi gyaran murya ya ce ai dama abin da yake nufi ke nan tun farko. Babu wanda ya yi dariya, sai da ya fara.

Da aka zo zaɓen mutum ɗayan, duk suka juyo suna kallona. Na kawo uzurin gwiwa, aka ce gwiwar da ta kai Hotoro ta warke. Haka na koma bakin aiki bayan na yi ritaya, kuma a ƙarƙashin jikata.

Amarya ta ce wa Ticha gyaran nasa mai sauƙi ne, ɗansa ya cire toshewar kawai, saƙo zai riƙa shiga.

“A bar ta yadda take, 'yata,” in ji shi. “Ni ba na karɓar saƙo daga na'ura. A turo mini masinja.”

Maganar komawa Filato ya ce sai bayan damina, daminar kuwa har yau ba ta ƙare ba, an kwance kwalayen an mayar da littattafai kan kanta. Ni kuma duk abin da ya faru a unguwa, ko akuyar wani ce ta haihu aka ga dama aka sanar, wayata sai ta yi ƙara: ba a samu Ticha ba, layinsa ya ƙi karɓa. Sauran mutane sukan faɗo jefi-jefi, a gyara a wuce, amma shi kullum yana nan. In sa hula in nemi adaidaita. In na isa zan tarar an ajiye mini kujera da shayi, ya bar ni in faɗi saƙon tun daga farko har ƙarshe, sannan ya ce ai surukarsa ta riga ta gaya masa tun jiya.